Ruwan Tur'a da Jinin Mai Ciki

Manomin Jazira ta Sudan ya fi yawan kallon tur'a, hanyar ruwan ban gona, a kan kallon hadari. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, abin da ke raya auduga da gyaɗa da alkama a tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu ruwa ne da aka auna, aka buɗe masa ƙofa, aka kora shi ta hanyar da aka shata masa. Yana barin madatsar ya shiga babbar tur'a, ya rarrabu zuwa matsakaita, ya gangara ƙanana, sannan ya faɗa Abu Ishirin mai bi ta gefen gonaki, daga nan Abu Sitta ta karɓe shi ta shigar da shi cikin hawasha, wato gonar manomi, har gindin shuka. Fili ne da ya haura faddan miliyan 2 idan aka haɗa da yankin Managil, kuma kowane ganye da ke cikinsa rayuwarsa tana rataye da wannan doguwar hanya.

Hausawan wannan ƙasa sun san hanyar kamar yunwar cikinsu. Wasunsu jikokin alhazai ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram suna nufin Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, zama ya kama su. Wasu kuma zuriyar mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Su da maƙwabtansu ne suka yi ta cirar auduga, suka yashe laka, suka tsaya cikin ruwa iya gwiwa da shebur a hannu. Don haka babu wanda ya kamata ya riga su gane abin da likitoci masu bincike suka gano game da ciki mai haɗari, domin ɗan da ke cikin uwa shi ma da ban ruwa yake rayuwa.

Ɗan tayi ba ya ci da baki, ba ya numfashi da hanci. Abincinsa da iskarsa duk a cikin jinin uwa suke taho masa. Zuciyar uwa ce madatsar, jijiyoyin da suka nufi mahaifa su ne tur'a, mabiya ita ce Abu Ishirin, igiyar cibiya kuwa Abu Sitta ce mai kai kaya har gindi. Da zarar ciki ya shiga, jikin mace yakan fara shiri: jininta ya ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, ƙananan jijiyoyin da ke bangon mahaifa su buɗe su yi faɗi, har ya zamana idan ciki ya tsufa, jinin da ke kwarara zuwa mahaifa a minti ɗaya ya kai rabin lita ko ya ɗara. A cikin mabiya jinin uwa ba ya cakuɗa da na ɗa. Wata siririyar fata ce ke tsakani, abinci da iska su tsallaka ta wannan gefe, dattin jikin ɗa ya tsallaka ta wancan. Abin da ake kira ciki mai haɗari, sau da yawa, tangarɗa ce ta auku a wani wuri a kan wannan hanya. Aikin masu bincike shi ne su gano inda take, da abin da ke kawo ta, da yadda za a hango ta tun shuka ba ta yi yaushi ba.

Tangarɗa ta farko laka ce. Kowa ya san halin Shuɗin Nilu a watannin Yuli da Agusta, sa'ad da yake saukowa daga tsaunukan Habasha ja wur, ya kwanta a tur'a ya bar taɓo, ciyawa ta samu wurin kafuwa. Daga nesa tur'ar cike take fal, amma abin da ke isa gona bai taka kara ya karya ba. Haka zazzaɓin cizon sauro yake yi wa mabiya. A 1996 masu bincike da suka yi aiki da mata a Kenya suka nuna cewa ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna da wani danƙo da ke sa su manne wa mabiya, su taru a can su cushe wurin. Uwa tana iya kai da kawowa a tsakar gida, a ɗebi jini a yatsarta a ce ba a ga komai ba, alhali can ciki hanya ta ƙuntace. An bi diddigin wannan a asibitin haihuwa na Wad Madani. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa ƙwayar cutar 'yar kaɗan, irin wadda madubin ɗakin gwaji ba ya iya gani sai an yi gwaji mai zurfi, ta fi yawa a jikin matan da suka haifi jarirai marasa nauyi, wato waɗanda ba su kai kilo 2.5 ba.

Farfesa Ishag Adam da abokan aikinsa sun kwashe shekaru suna irin wannan bincike a Madani da Gadarif da Kasala da Sabuwar Halfa, kuma sun fito da wani darasi da ya shafi kowane gida a yankin. A ƙasashen da zazzaɓi ba ya yankewa rani da damina, mai cikin fari ce ta fi jin jiki, domin jiki yana koyon kare mabiya daga ciki na biyu zuwa sama. A tsakiya da gabashin Sudan kuwa, inda cutar takan zo da ƙarfi bayan damina sannan ta lafa, wannan kariya ba ta kafuwa sosai. Uwar 'ya'ya bakwai ma ba ta tsira ba. Gidan sauro da gwaji da magani na kowace mai ciki ne, kuma tun daga 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ƙaramin ciki maganin zazzaɓi na zamani wanda a da ake ɗari-ɗari da shi a watanni ukun farko. Abin takaicin shi ne, ruwan da ke raya gona shi ne ke raya sauro, shi ne kuma ke raya dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Dalilin da ya sa ke nan aka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979, don a yaƙi cututtukan da ke bin ruwan ban gona.

Tangarɗa ta biyu ƙishirwa ce. Hanya a buɗe take, amma ruwan ya ja baya. Wannan shi ne ƙarancin jini. Likitoci sun yanke cewa mai cikin da ma'aunin jininta ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, idan ya gaza 7 kuwa abin ya tsananta. Ruwa ba ya tsami banza: rashin sinadarin ƙarfe a abinci, zazzaɓi, tsargiyar hanji mai tsotsar jini a ɓoye, haihuwa a kan haihuwa ba hutu, da cin ƙasa da wasu masu ciki ke sha'awa, duk suna da hannu. Har shayin da ake kurɓa da zarar an ɗaga hannu daga akushi yana rage wa hanji ƙarfin ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abincin. Wani bincike da aka yi a asibitin Kasala, aka buga a 2011, ya nuna cewa gwargwadon tsananin ƙarancin jini, gwargwadon haɗarin hawan jini na masu ciki, da haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi, da wanda ya zo babu rai. Maganin yana da araha: ƙwayar ƙarin jini mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da folik asid kullum, da hanta, da kifin kogi, da wake, da ful, da ganye irin su zogale da lalo, a matsa lemon tsami a kai, a kuma jinkirta shayi. Mata da yawa kan watsar da ƙwayar idan suka ga bayan gidansu ya yi baƙi, ko don tsoron kada ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Baƙin ba cuta ba ne. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan kuwa, zubar da wata za ta jure ita tana iya kayar da ita.

Tangarɗa ta uku ƙuncin ƙofa ne. Idan bututun da ke zuba wa Abu Ishirin ya yi ƙanƙanta, ruwa yakan taru a baya yana dukan gaɓa, gona kuma tana can tana ƙishi. A jikin wasu mata, waɗancan jijiyoyi na bangon mahaifa ba sa buɗewa yadda ya kamata tun farkon ciki. Mabiya ta shiga yunwa, ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon abin da bai kamata ya fita a fitsari ba, ɗa kuma ya daina girma yadda ya dace. Yakan bayyana bayan mako 20. Alamarsa ta farko tana jikin na'urar awo, sa'ad da ta nuna 140 a kan 90 ko fiye, tun mace ba ta ji komai ba. Idan aka kai ga ciwon kai mai naci, da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to jijjiga tana bakin ƙofa. A gidaje da yawa idan mai ciki ta faɗi tana jijjiga, sai a ce iska ce, a kunna turare, a aika kiran mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana a nemi mota, kuma kowane minti da aka ɓata a wannan hali daga ran uwa da na ɗa ake cire shi.

A Madani an gano, a wani bincike na 2011, cewa matan da zazzaɓi ya kama mabiyarsu sun fi faɗawa wannan hawan jini, wato laka da ƙuncin ƙofa kan haɗu a tur'a ɗaya. Maganin hana jijjiga kuwa an tabbatar da shi tun 2002, lokacin da gwajin Magpie, wanda ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna cewa allurar magniziyam salfet tana rage haɗarin faɗuwa da fiye da rabi. An kuma gano cewa asfirin ɗan kaɗan, idan likita ya ɗora macen da ke cikin haɗari a kansa tun cikin yana ƙarami, yana rage aukuwar ciwon, haka ma kalsiyam a inda abinci ba ya wadatar da shi. Idan ciwon ya yi ƙamari, waraka ɗaya ce: a raba uwa da cikin, ko da watanni ba su cika ba. A nan ma bincike ya taimaka. A 2020 wani gwaji da aka yi a Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangladash ya tabbatar da cewa allurar da ke gaggauta nunar huhun ɗan tayi, idan aka yi wa uwa ita a asibiti kafin haihuwar bakwaini, tana rage mutuwar jarirai.

Tangarɗa ta huɗu ita ce ɓallewar gaɓa, kuma ita ta fi kowacce gaggawa. Da zarar ɗa ya faɗo, mabiya ta biyo baya, waɗancan faffaɗan jijiyoyi suna nan a buɗe. Abin da ke rufe su shi ne mahaifa ta dunƙule ta yi tauri. Idan ta saki jiki, jinin da ke ciyar da ɗa sai ya koma kwarara ƙasa, kuma mace mai lafiya tana iya rasa ranta cikin sa'o'i biyu. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin WOMAN, wanda ya haɗa mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, har da Sudan da Najeriya. Ya nuna cewa allurar taranekzamik asid, idan aka yi ta cikin sa'o'i uku da haihuwa, tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan sa'o'i uku amfaninta ya wuce.

To amma yaya za a san zubar ta wuce ƙima? Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A ɗakin haihuwa an gwada idon, aka tarar yana kuskure, domin zane da katifa da ƙasa duk suna shanye jini. Sai aka ƙirƙiro wata shimfiɗar leda mai aljihu a ƙasa, an zana mata layukan awo, a saka ta ƙarƙashin mai jego. Jini na kaiwa layin rabin lita, ba a jira a ga ko abu ɗaya zai yi aiki kafin a gwada na biyu. A murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta dunƙule, a yi taranekzamik asid, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda. Gwajin E-MOTIVE ke nan, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna raguwar mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. Wadda ta jagoranci aikin a Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano, kuma ya dace 'yan uwanta da ke bakin Nilu su san da haka.

Duk wannan sani ba daga sama ya faɗo ba, kuma hanyar da aka bi aka same shi ba baƙuwa ba ce ga mutumin Jazira. A Wad Madani akwai gonar bincike da aka kafa tun 1918, kafin ma a gama madatsar. A farkon shekarun 1930 cututtuka biyu suka afka wa auduga, ɗaya mai baƙanta rassa, ɗaya mai nannaɗe ganye, amfani ya faɗi warwas. Masana suka yanka fili gida-gida, nan a yi kaza, can a bari, a auna abin da kowane gida ya bayar, a rubuta. Da haka aka gane cewa cutar tana kwana a jikin karan auduga da aka bari a gona, aka wajabta tumɓuke shi a ƙone, aka sauya tsarin hutun gona, aka fitar da iri mai juriya. Gwajin magani ma haka yake tafiya. A raba mata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada son ran likita ya sa ya zaɓi masu ƙarfi ya ba su sabon magani, sannan a ƙirga abin da ya samu kowane kashi. Bambancin shi ne shuka ba a neman izininta, mutum kuwa dole ne. Wanda ya tuna gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, da shari'ar da ta biyo baya, ba za a ga laifinsa ba idan ya yi tambaya kafin ya miƙa hannu. Haƙƙin kowace mace ne a yi mata bayani da harshen da take ji, a faɗa mata me za a yi da jinin da aka ɗiba, ta kuma san cewa idan ta ce a'a ba za a hana ta magani ba. Binciken da ya cika waɗannan sharuɗɗa sadaka ce mai gudana, domin macen da ta yarda aka rubuta labarin cikinta yau tana taimakon jikarta da ba a haifa ba.

Sai dai sanin da ke ofis ba ya kai ruwa gona idan babu gafir a bakin ƙofa, wanda ya san tur'arsa, yake zagayawa da sassafe ya ga inda ta cushe da inda take tsiyaya. Gafir ɗin mai ciki ita ce ungozoma. Sudan ta daɗe da gane haka. A 1921 Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, ta ɗauki matan da ba su iya karatu ba, ta koya musu rarrabe magunguna ta hanyar sunsunawa da ɗanɗanawa da taɓawa, kowace ta gama a ba ta akwatin ƙarfe mai ɗauke da almakashi da zare da sabulu. Daga cikin ɗalibanta aka samu Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ita ma ta yaye ungozomomi masu yawa. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, ta gina karatun likitancinta a kan tura ɗalibai ƙauyuka, kuma a 2005 ta ƙaddamar da shirin kare lafiyar uwa da yaro wanda ya mai da hankali ga horar da ungozomomin karkara. A jihar Sinnar, daga 2008, hukumar taimako ta Japan ta haɗa hannu da ma'aikatar lafiya wajen sabunta musu horo da kayan aiki.

Duba abin da ƙwararriyar ungozoma take yi a ranar awo. Ta zaunar da yarinya a kan tabarma, ta ce, “'Yata, ɗago ido mu gani.” Ta ja fatar ido ƙasa da babban yatsa, ta duba ko ja ce ko ta yi fari fat. Ta naɗa mata na'ura a damtse ta hura, ta kasa kunne. Ta danna ƙafa ta ga ko yatsa ya bar rami. Ta shimfiɗa tef daga mara zuwa saman ciki, ta kwatanta da abin da ta rubuta a kati wancan watan, domin cikin da bai ƙaru ba ɗa ne da ba ya samun isasshen abinci. Ta kafa ƙahon sauraro ta ƙirga bugun zuciya, ta tambayi motsi. Duka bai wuce a sha shayi a tashi ba, amma uku daga cikin tangarɗun nan huɗu a nan ake fara hango su. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awo ya kai sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, da hoton ciki aƙalla sau ɗaya kafin mako 24, don a san watannin cikin, a ga ko tagwaye ne. Akwai kuma na'urar da ke sauraron gudun jini a igiyar cibiya. A Afirka ta Kudu an gwada wata 'yar ƙarama a hannun ungozomomi, sai ga shi cikin matan da ake ɗauka lafiya lau suke an tsinto waɗanda hanyar ɗansu ta kusa toshewa, aka tura su asibiti, mutuwar 'ya'ya a ciki ta ragu.

Kowane manomi ya san cewa hawashar da ke bakin tur'a ita ke fara sha, ta wutsiya kuma sai abin da ya rage. A sha'anin lafiya, ƙauyukan Hausawa na bakin kogi da mazauna kambo, waɗancan unguwannin leburorin gona da ke rakuɓe a gefen tur'a, su ne a wutsiya. Kambo da yawa babu ɗakin shan magani, babu famfo, daga tur'ar ake ɗiban na sha. Da damina baƙar ƙasar Jazira takan zama danƙo, mota ta kafe, sai keken jaki ko tarakta. Yawancin binciken da aka ambata a cikin asibiti aka yi shi, don haka macen da ta haihu a ɗaki, ko ta cika a hanya, ba ta shiga lissafi ba. Wadda ta isa ma, idan Larabcinta bai nuna ba, takan amsa da “lafiya lau” don a rabu da ita.

Wani ɓangare na nisan kuwa mu muka gina shi da hannunmu, kuma an taɓa auna shi a ƙasar kakanni. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya buga sakamakon a 1985. Mutuwa ta fi yawa a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci, da ƙananan 'yan mata da ƙugunsu bai gama buɗewa ba, da matan da suka yi haihuwa barkatai. Ya ga yadda doguwar naƙuda ke barin yoyon fitsari, ya kuma ga cewa matan da suka yi karatu sun fi kuɓuta. A Zariyar dai, a shekarun 1970, likitoci suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da wankan jego na tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa. Duk gidan da har yanzu yake riƙe da waɗannan al'adu ya sassauta zafin ruwa, ya rage kanwa, kuma mai jegon da numfashi ke gagararta idan ta kwanta a kai ta asibiti a ranar. Kunya ado ce, amma kunyar da ke sa mai cikin fari ta ɓoye ciki wata biyar, ko ta danne naƙuda kwana biyu don kada a ce raguwa ce, ta cinye 'ya'yan mutane masu yawa.

A nan ne misalin gona yake tsayawa. Audugar da ƙishi ya kashe bana, baɗi a sake shuka wata. Uwa ba ta da baɗi, kuma darajarta ba ta rataye da abin da ta haifa. Ita kanta rai ce da ta cancanci a tsare ko da cikin bai zo da rai ba. Wannan ne ya sa abin da ya faru a 'yan shekarun nan yake da ciwo ƙwarai. A Yuli da Oktoban 2022 rikici a jihar Shuɗin Nilu, daga Rusairis zuwa Wad al-Mahi, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kori dubun dubatar mutane daga gidajensu, Hausawa da yawa a ciki. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, Madani ta zama mafakar masu gudu da likitocinsu, sai ita ma ta faɗi a Disambar shekarar, ba ta koma hannun soja ba sai Janairun 2025. An wawashe asibitoci da jami'a, ma'aikata suka watse, mata suka haihu a makarantu da bakin hanya. Naƙuda ba ta jiran a tsagaita wuta.

Masu sake gina Jazira za su yi maganar yashe tur'a da gyaran ƙofofi, kuma gaskiyarsu ne. A ranar da ake wannan lissafi, a saka na'urar awon jini da magniziyam salfet da taranekzamik asid da shimfiɗar awo a cikin kasafin kowane ɗakin haihuwa. A zaɓi 'yan mata daga Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogi da kambo a tura su makarantar ungozoma, don mai ciki ta samu wadda za ta faɗa wa ciwonta da Hausa. Masu bincike su fito daga harabar asibiti su ƙirga na ƙauye, kowace haihuwa da kowace mutuwa da sanadinta, sannan su dawo su faɗa wa mutanen abin da suka gano.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannun maigida. Ya raka iyalinsa awo tun cikin yana ƙarami. Ya san rukunin jininta, ya san 'yan uwa biyu da za su iya ba ta jini. Ya ware kuɗin mota daga kuɗin gyaɗa tun ranar da ya sayar, ya yi magana da mai abin hawa tun wata na bakwai. Ya kira mahaifiyarsa da matarsa ya ce, “Inna, ko ba na nan, in kun ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko motsi ya tsaya, ko naƙuda ta wuce yini, ku tafi, na yarje.” Wanda ya yi wannan ya sauke nauyin da ke kansa, kuma idan ya ce Allah ya raba lafiya, ya faɗa da bakin wanda ya yi nasa.